Me ya sa kwat ke tsallakawa cikin kulorofom a lab amma ya kasa tsallake hanji?

Wata ɗaliba mai karantar haɗa magunguna ce ta yi tambayar. Ta ce a furaktikal sun zuba ruwan benzalkoniyam, ɗaya daga cikin sinadarai masu cajin fositif da ake kira kwat (kwatanari amoniyam), a kwalba, suka ƙara launin buromofinol bulu da kulorofom suka girgiza, sai shuɗin ya bar ruwan ya sauka ƙasa cikin kulorofom ɗin, malaminsu ya ce ayon-feya ne ya jawo haka, wato ayon mai cajin fositif da mai negatif sun riƙe juna. To kuma a lakca an gaya musu magungunan kwat irin su Buscopan da ƙyar suke shiga jini idan an sha. Shi ne take cewa me zai hana a haɗa su da abokin caji, wato wani ayon mai cajin negatif, tun daga kamfani kowa ya huta, kuma tana so ta yi furojet ɗinta a kai.

Toh ƙanwata, wannan tunanin naki masana sun fi shekara 50 suna ja-in-ja a kansa, so ba shirme kika faɗa ba ko kaɗan. Abin da kika gani a kwalba gaskiya ne, sai dai kulorofom ɗin ne ya yi rabin aikin, hanji kuwa ruwa ne da gishiri da majina, yanayin ba ɗaya ba ne.

Mu fara da shi kansa kwat ɗin. Naitirojin ne guda ɗaya da kabon huɗu suka riƙe shi ta kowane ɓangare, babu haidirojin ko ɗaya a jikinsa da zai iya yarwa, saboda haka cajinsa na fositif na dindindin ne. Amin na yau da kullum, irin wanda ke jikin atirofin ko kwinin, yana ɗaukar furoton ya ajiye gwargwadon pH, a tumbi yana da caji, a hanji wani kaso nasa ya sauke cajin ya sulale ta cikin kitsen fatar ƙwayar halitta ya wuce. Kwat ba shi da wannan damar, ki kai shi pH 1 ki dawo da shi pH 13 yana nan da cajinsa, shi ya sa ma ba a maganar pKa a kansa, wato pH ɗin da rabin sinadari ke sauke cajinsa, duk wanda ya ce miki zai gyara shan kwat ta hanyar canza pH to bai fahimci molekul ɗin ba.

Ayon-feya kuma ba wani sabon bond ba ne, wannan wajen ɗalibai suke yawan zamewa. Fositif da negatif ne suka matso kusa da juna har suka riƙa yawo tare kamar abu ɗaya marar caji, ba a raba ilektiron ba, ba a ƙulla komai ba, jan wutar lantarki ne kawai, kuma kowane lokaci suna iya rabuwa. Niels Bjerrum ɗan ƙasar Denmak ne ya tsara lissafinsa a 1926. Abin da lissafin ke cewa shi ne ƙarfin jan da ke tsakanin caji biyu ana raba shi ne da dayelektirik na ruwan da suke ciki, wato lambar da ke nuna yadda ruwan ke raunana jan caji. Na ruwa wajen 78 ne, na kulorofom 4.8, na daikulorometen wajen 9, oktanol wajen 10, can tsakiyar kitsen fatar ƙwayar halitta kuwa wajen 2. Ki raba 78 da 4.8 za ki ga jan ya ninka kusan sau 16 a kulorofom. A ruwa sai ayon biyu sun matso ƙasa da nanomita 0.7 kafin jan da ke tsakaninsu ya fi ƙarfin jijjigar zafi, a kulorofom kuwa tun daga nanomita 11 da wani abu sun fara jin juna. Wato a kulorofom zama ɗaiɗai ne mai wahala, a ruwa kuma zama tare ne mai wahala, tunda ruwan da kansa yana rufe kowane ayon ya lulluɓe shi ya hana shi neman kowa.

Akwai ƙari ɗaya da ya sa kwat ya fi sodiyam ko fotasiyam iya wannan harkar. Cajinsa a ɓoye yake cikin hannayen kabon, tetrabutil-amoniyam misali kabon 16 ne kewaye da naitirojin ɗaya, ruwa ba ya iya rungumarsa sosai kuma ba ya ma son zama da shi. Idan ya gamu da wani babban ayon negatif wanda shi ma jikinsa mai ne, ruwan ne ke tura su su haɗe don ya rage wajen da yake taɓa maiƙo. Saboda haka girman abokin da maiƙonsa su ne kan gaba, kuloraid ƙarami ne kuma ruwa na son sa, da ƙyar yake bin kwat cikin mai, buromaid ya ɗan fi shi, ayodaid da fakuloret sun fi, manya irin su launin da kuka yi amfani da shi ko loril salfet ko dokuset su ne na gaske. Abin da ya faru a kwalbarku ke nan, launin shi kaɗai gishiri ne ba zai shiga kulorofom ba, benzalkoniyam ya kama shi, cajin ya mutu, suka sauka tare, kuma yawan shuɗin da ya sauka shi ke nuna yawan kwat ɗin da ke ciki. In kin lura ana yin gwajin ne a ruwa mai alkali, dalili kuwa a can amin na yau da kullum ya riga ya sauke cajinsa ba zai ja launin ba, kwat ne kaɗai zai ja. Wayo ne mai kyau wallahi.

Masu haɗa sinadarai sun ci moriyar wannan fiye da mu. A 1971 Charles Starks a Amurka ya wallafa aikin da ya sa wa abin suna, ɗan aike tsakanin ruwa da mai. Misalin da kowa ke bayarwa shi ne kuloro-okten da sodiyam sayanaid, ɗaya mai ne ɗaya yana cikin ruwa, ki dafa su kwana da kwanaki ba abin da zai faru don ba sa haɗuwa, amma da an jefa ɗan gishirin oniyam kaɗan, shi na fosfoniyam ya yi amfani da shi wanda ɗan'uwan kwat ne, cikin kamar awa 2 an gama. Gishirin yana ɗauko sayanaid daga ruwa ya kai shi cikin mai, ya dawo da kuloraid, ya sake ɗaukowa, kuma sayanaid ɗin da ya isa can tsirara yake babu ruwan da ya lulluɓe shi shi ya sa yake da zafin nama. Makosza a Folan da Brändström a Suwidin su ma sun yi nasu a kusan wannan lokacin. Ki lura da abu ɗaya a nan, dabarar tana aiki ne saboda riƙon ba shi da ƙarfi, yana kamawa yana saki, da riƙon dindindin ne da zagaye ɗaya zai yi ya tsaya. A HPLC, injin rarrabe sinadarai, ma haka ne, ana zuba tetrabutil-amoniyam a ruwan da ke bi ta kolom don ya jinkirta magunguna masu cajin negatif, sai dai duk kolom ɗin da ya sha shi to ki bar masa shi kawai, ba ya wankuwa tas, kuma masu injin mas, mai auna nauyin molekul, ba sa son ganinsa kusa da injinsu.

Yanzu mu shigo jiki. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne zaƙami. Abin da ke haukata mutum a zaƙami hayosin ne da atirofin, amin ne masu iya sauke caji, suna shiga jini su haye ƙwaƙwalwa. Ki ɗauki wannan hayosin ɗin ki liƙa masa butil a kan naitirojin ya koma kwat, kin samu hayosin butilburomaid, wato Buscopan da ake sha don murɗawar ciki. Ƙashin molekul ɗin ɗaya ne amma wanda ke isa jini idan an haɗiyi ƙwayar bai kai kashi 1 cikin 100 ba, yana aikinsa a jikin hanji ya fita, babu maye babu ruɗewa. Haka labarin fisostigmin yake, wanda aka ciro daga waken Kalaba na ƙasar Efik, shi yana haye ƙwaƙwalwa shi ya sa yake maganin gubar atirofin, ƙaninsa niyostigmin da aka haɗa a 1931 kwat ne ba ya hayewa, kuma miligiram 15 na baki ne ke daidai da wajen 0.5 na jijiya, ki ga irin asarar da ake yi a hanji. Mafarautan Kudancin Amurka ma suna harbin dabba da kibiya mai dafin kurare su ci naman lafiya lau saboda dafin ba ya tsallake hanjinsu da yawa.

Na kawo waɗannan ne don ki tambayi kanki tukuna, shin ana ma so maganin ya shiga? Sau da yawa da gangan aka mai da shi kwat. Ifratirofiyam na masu asma an yi shi ne ya tsaya a huhu, gilaikofairolet a tiyata an fi son sa a kan atirofin don ba ya ruɗa tsofaffi, tirosfiyam na mafitsara shi ma abin da ake tallarsa da shi ke nan. Idan kika yi nasarar sa Buscopan ya riƙa ratsa kitse yadda yake so to wataƙila kin kama hanyar dawo da matsalar da aka guda ne tun farko.

Amma dai akwai waɗanda ake so shansu ya ƙaru, kuma an gwada. Tun 1969 an wallafa gwaji a kan dabbobi inda aka haɗa aisofurofamaid, wani kwat ne, da tiraikuloro-asitet, aka ga alamar ya fi shiga. Daga nan gardama ta tashi, kuma har yau ba ta mutu ba, don matsalolin guda nawa ne masu nauyi. Na farko tsarmawa. Riƙon ayon-feya a ruwa rauni gare shi, yana buƙatar su biyun su kasance da yawa a waje ɗaya, ke kuwa ƙwaya ɗaya kika haɗiya da kofin ruwa ta tarar da ruwan ciki ta bi hanji mai tsawon mitoci, kowane taku haɗin yana ƙara tsinkewa, daidaiton sai ya koma ɓangaren rabuwa. Ga kuma 'yan takara, a jini kaɗai kuloraid ya kai wajen milimol 100 a lita, ga baikabonet ga fosfet, a hanji ga gishirin matsarmama ga kitsen abinci ga furotin, ita kanta majinar da ta shafe bangon hanji cajin negatif gare ta tana kama kwat ta riƙe. Kamar ki kama hannun yaro ne a tsakar gida da kuma ki kama shi a cunkoson hawan sallah, riƙon iri ɗaya ne amma a na biyun ba ki da tabbas da wa za ki isa gida. Kuma ba kowane sabon aboki ne ke taimako ba, tirosfiyam idan aka sha shi da abinci mai maiƙo shansa na faɗuwa da kashi 70 zuwa 80 cikin 100, shi ya sa ake cewa a sha shi awa 1 kafin cin abinci.

Sai matsalar da ni a ganina ta fi ɓata yawancin sakamakon da ake yaɗawa. Abokan cajin da suka fi iya aikin, loril salfet, dokuset, gishirin matsarmama, ko kwat irin su CTAB da benzalkoniyam idan maganin ne negatif, dukkansu masu halin sabulu ne, suna sassauta fatar ƙwayoyin halitta su buɗe tsakaninsu. To idan kika ga magani ya ƙara shiga ta yaya kika san feya ne ya ratsa, ba bangon kika huda ba? Maganin ɗigon ido ya nuna wannan ƙarara, benzalkoniyam da ake sawa don hana ƙwayoyin cuta, daga kashi 0.004 zuwa 0.02 cikin 100, yana ƙara shigar wasu magunguna cikin ido, amma babban dalilin shi ne yana taɓa fatar saman idon, kuma masu gulakoma da ke ɗigawa shekara da shekaru su ne ke biyan kuɗin da bushewar ido da raɗaɗi. Sannan kar ki manta jiki yana da nasa ƙofofin, akwai furotin masu jigilar katayon irin su OCT1 da OCT2 a hanta da ƙoda, wani kason kwat ta nan yake bi, babu ruwansa da feya.

Inda dabarar take cin nasara shi ne inda aka hana ruwa da gishiri isa ga feyan, ko kuma tafiyar gajeriya ce. A fata da ido ruwan kaɗan ne kuma maganin a tattare yake, akwai ɗigon timolol da aka haɗa da sobet don ya fi ratsa ido har ake ɗiga shi sau ɗaya a rana, ko da yake timolol ba kwat ba ne amma ƙa'idar ɗaya ce. Hanya ta biyu kuma, wadda yanzu aka fi yi, ita ce a yi feyan a lab, a tace shi a busar, sannan a narka shi cikin mai ko a cusa shi cikin nanofatikul. A nan ba a ce feyan ya ratsa hanji da ƙafarsa ba, amfaninsa shi ne ya sa magani mai son ruwa kamar insulin ko hefarin ko wani feftaid ya yarda ya zauna cikin mai, man ne ke kare shi ya kai shi. Ko a nan ɗin ma da zarar ya taɓa ruwan gishiri musaya ta fara, abin da ake aunawa shi ne saurinta, kuma wasu ma da wannan musayar suke sarrafa yadda maganin zai riƙa fita a hankali.

Babban misali kuwa shi ne DNA da RNA, dogayen sarƙoƙi ne masu cajin negatif a kowace gaɓa. A 1987 Philip Felgner da abokan aikinsa suka yi amfani da DOTMA, kitse mai kan kwat, suka naɗe DNA suka shigar da shi ƙwayoyin halitta, daga baya DOTAP ya biyo. Yana aiki sosai a faranti don ba feya ɗaya ba ne, ɗaruruwa ne a jere, ko wasu sun saki wasu na riƙe. Amma a jini cajin dindindin ɗin nan ya zama masifa, yana manne wa furotin da ƙwayoyin jini, ana share shi da wuri kuma yana da guba. Shi ya sa rigakafin korona na mRNA ba su yi amfani da kwat a wannan gurbin ba, sun koma amin mai pKa tsakanin 6 da 7, SM-102 a na Moderna da ALC-0315 a na Pfizer. Ana haɗawa a pH wajen 4 lokacin yana da caji ya kama RNA, a jini pH 7.4 kusan ba shi da caji ya wuce salin-alin, idan ƙwayar halitta ta haɗiye shi cikin jakar endosom mai tsami sai cajin ya dawo ya yi feya da kitsen jakar mai negatif, siffar bangon ta lalace RNA ya fito. Kin ga a nan ayon-feya ya yi aiki har sau biyu, amma sai da aka rabu da dindindin ɗin kwat kafin abin ya yiwu a jikin mutum.

Kuma akwai feyan da ba a gayyace shi ba, wanda shi za ki fi gamuwa da shi a famasi. Sabulu negatif ne, setirimaid da ke cikin Savlon fositif ne, a cakuɗa su sai su kashe juna, mutum na ganin ya ƙara ƙarfi ashe ya rage, dole a ɗauraye sabulun tas kafin a sa. Ruwan kuskure baki mai setilfiridiniyam shi ma loril salfet na man goge baki na raunana shi idan aka yi su a jere. Auduga da bandeji ma suna tsotse benzalkoniyam, shi ya sa jiƙa auduga a ajiye a kwano kwana da kwanaki ba dabara ba ce, ƙwayoyin cuta irin su Sudomonas na iya rayuwa a ciki. Kolestiramin kuwa gaba ɗayansa kwat ne a jikin roba, aikinsa ya kama gishirin matsarmama a hanji don kolestarol ya sauka, amma ba ya tantancewa, wafarin da maganin tayirod duk yana kamawa, don haka ake ce wa majiyyaci ya sha sauran magungunansa awa 1 kafin ko awa 4 zuwa 6 bayan.

Game da furojet ɗinki, ni dai shawarata kar ki ce za ki tabbatar da cewa shan magani ya ƙaru, kayan aikin da lokacin ba za su ishe ki ba, kuma ba a gwada irin wannan haɗin a jikin mutum ko a naki. Ki tsaya a kan tambayar da za ki iya amsawa, wato feyan zai jure gishiri ko ba zai jure ba. Ki zaɓi kwat ɗaya da abokan caji kamar 3 masu bambancin tsawon sarƙa, ki auna rabuwarsa tsakanin oktanol da bafa, wato ruwa mai tsayayyen pH, oktanol ya fi kulorofom kama da jiki kuma ya fi sauƙin haɗari, in dole sai kulorofom to a cikin akwatin zuƙe hayaƙi. Ki canza yawan abokin daga rabi zuwa ɗaya-da-ɗaya zuwa ninki biyu zuwa sama, za ki ga shigarsa mai tana hawa har wajen da cajin ya yi daidai, in kika ci gaba da zubawa kuma abokin mai halin sabulu ne sai ta fara sauka, don ya fara dunƙulewa ya zama maisel yana mai da maganin cikin ruwa, mutane da yawa a nan lissafinsu ke rikicewa. Daga nan sai ki maimaita komai da sodiyam kuloraid milimol 150 a lita, sannan da gishirin matsarmama in za ki samu, ki ga nawa ya rage. Idan sufabaizanki ya dage sai an yi da hanjin ɓera ko fatar dabba, to ki roƙe shi a sa wani abu marar caji da ba ya iya yin feya kamar manitol a gefe, in shi ma shigarsa ta ƙaru tare da maganin to bangon ne ya buɗe, ki rubuta hakan yadda yake a sakamakonki.